Rubutun Kaka a Ganyen Giginya

Shekarar da aka aiko wa jami'arsu takarda daga sama cewa kowane sashe sai ya koyar da wani abu daga ilimin kakanni, Dakta Malarkodi aka ɗora wa kayan. Ba don ta fi kowa sani ba. Ranar taron ita kaɗai ce ba ta sunkuyar da kai da wuri ba. Malamar ilimin tsirrai ce, shekararta goma sha huɗu tana cusa wa yara sunayen ganyaye da harshen Latin, ga shi yanzu an ce ta tsaya gaban ɗalibai sittin kowace Laraba ta shaida musu cewa kakanninsu ma sun san wani abu. Ta yi iya ƙoƙarinta. Ta haɗa hotuna, ta tsakuro daga littattafan waɗanda su ma tsakurowa suka yi. Ɗaliban kuwa yara ne masu ladabi, ba sa surutu a ajinta, barci kawai suke yi.

Shugaban sashen, Farfesa Sambandam, mutum ne mai son abin da za a nuna wa baƙo. Ya sa an haɗa akwatin gilashi an kafa a bakin ƙofa, har da fitila a ciki. Wata biyu akwatin nan bai ga komai ba sai wata tsaka da ta shiga ta kasa fita.

"Malama, ki samo mana wani tsohon abu mana," in ji shi duk lokacin da suka haɗu a matakala. "In ya ɗan rube ma ya fi, baƙi sun fi yarda da shi."

Wata Litinin tana cikin duba takardun jarrabawa sai ɗan gwaggonta Tirumal ya kira ta daga Cennai.

"Malar, ke ce Mama ke jin maganarki, ni ta mayar da ni rediyo. Na ce ta dawo wurina bayan biki tunda gwiwoyin sun ƙi, ta yarda. Amma wai kafin ta taso sai ta kai littattafan Kaka kogi. Ranar sha takwas ga watan Adi, ranar bikin cikar kogi, za ta zuba su."

"Zuba su? A ruwa?"

"To a ina, a miya?"

Malar ta ƙirga da yatsu: saura kwana goma. Kakansu Sellamuttu mai maganin shanu ne, kamar ubansa da uban ubansa, kuma duk abin da gidan ya sani yana cikin ɗauri uku na ganyen giginya, ganye ɗari uku da goma sha biyu. Tana yarinya sau ɗaya a shekara take ganinsu, ranar da ake jera littattafai da kayan aiki a yi musu ado da furanni, kuma ko ranar ba mai kwance igiyar. Abin da ya fi ba ta kunya shi ne duk Larabar da ta yi tana sa yara barci, ko sau ɗaya ba su faɗo mata a rai ba. Washegari ta nemi hutu, ta ari babbar kyamarar sashe, ta hau bas ɗin ƙauyensu, Marudakudi.

Ta tarar da gwaggonta Sornam, yayar babanta, a kan dakalin ƙofar gida tana ɓare tsamiya. Shekararta saba'in da tara, yanar ido ta fara rufe mata gani, amma bakin nan ko gezau.

"Kai, kai, kai! Yau jami'a ce da kanta a ƙofarmu? Wa ya mutu?"

"Attai, ba wanda ya mutu," in ji Malar, don haka suke kiran gwaggo da harshensu.

"To Tirumal ya kai ƙara ke nan. Wanke ƙafa ki shigo, dubi yadda kika rame kamar akuyar da ta tashi daga jinya."

Sai da ta ga Malar ta cinye shinkafa da miyar tsamiya, ta ɗora da kindirmo, ta naɗe ganyen ayabar da ta ci a kai, sannan ta bar ta ta yi magana. Malar ta shirya jawabinta tun a mota. Ta ce littattafan nan gadon ƙasa ne baki ɗaya, ta ce a jami'a akwai akwatin gilashi mai fitila wanda ko ƙuda ba ya shiga.

"Su yi me a ciki?"

"Mutane su gani, Attai."

"Wa zai karanta?"

"Ai ba a buɗewa, don kada su lalace."

"Oho. Kabari ne mai taga." Tsohuwar ta tofar da ƙwallon tsamiya a tafin hannu. "Ke yarinya, ganye ba dutse ba ne, yana da shekarunsa. In ya tsufa a sake masa jiki, a kwafe shi a sabon ganye, tsohon kuma a kai kogi, wurin Uwa Kaberi, ranar da ta cika, ta tafi da shi cikin mutunci. Haka Appa, babanmu, ya yi wa na ubansa, ina tsaye a wurin."

"To ai waɗannan ba a kwafa ba!"

"Ba a kwafa ba. Shekara arba'in da ɗaya ina jiran mai kwafa, ƙwari kuwa ba su jira kowa ba. In bar su a nan, gara ta yi biki. In tafi da su gidan Tirumal, bene hawa na tara, ranar da na rufe ido a tattara su da tsofaffin jaridu. Ni ba zan bar ubana a hannun gara ba."

Malar ba ta ja maganar ba, don tana da abin da take taƙama da shi a jaka. Da safe ta shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida inda haske ya fi kyau, ta kafa kyamara a kan ƙafafunta uku. Gwaggo Sornam ta kwance igiyar ɗauri na farko, ta ɗaga allon katakon da ke sama, sai ga ganyayen a jere, dogaye sirara, ruwan ƙasa, kowane da huda biyu inda igiya ke bi. Malar ta ɗauki hoton na farko, ta duba, ba ta ga komai ba sai ganye.

"Attai, wannan ai babu rubutu."

"Malama Dakta!" Tsohuwar ta yi dariya har da buga cinya. Ta jawo wani ɗan kasko mai kunkunniyar fitila da aka kwaɓa da man darbejiya, ta dangwala tsumma, ta shafa a kan ganyen, ta goge. Baƙin ya shige cikin zanen da ƙarfe ya yi, rubutu ya fito layi shida, ƙanana kamar ƙwayar riɗi, a matse ba tazara.

Malar ta sunkuya tana haɗa baƙi da ƙyar, kamar 'yar aji ɗaya. Maganin kumburin cikin saniya ne. "A daka tafarnuwa da citta, a haɗa da mazarƙwaila, a sa masoro ƙwaya..." Ta tsaya. Daidai wurin ƙwaro ya ci, ya bar rami zagayayye.

"Goma," in ji Gwaggo Sornam, ko kallon ganyen ba ta yi ba. "In mai ciki ce, biyar. Wannan ma yana layin ƙasa, inda gefen ya karye." Ta ci gaba da karantowa da ka, da wata irin murya mai rausaya, har ƙarshen ganyen, ta zarce na biyu wanda ba a ko ɗaga ba tukuna.

Malar ta ɗaga ganye goma, ashirin, hamsin. Babu wanda ba shi da rami, wasu ma sun koma kamar rariya. Kyamarar za ta ɗauki ramukan tsaf, amma abin da ke cikinsu yana kan matar nan da ke zaune tana sosa gwiwa, wadda nan da mako biyu za a kai ta hawa na tara ta riƙa kallon talabijin.

"Yaya aka yi kika haddace, Attai?"

"Da idon Appa ya mutu ni ke karanta masa. Shekara tara. Ko tukunya ce ta haddace."

Malar ta rufe bakin kyamara. "Kin ce ba a kai littafi kogi sai an kwafa. To ni zan kwafa."

"Da wannan hannun mai jan biro?" Gwaggo Sornam ta kama hannun ta jujjuya shi kamar mai tayin kifi. Ta daɗe tana kallonsa. "To ji nan. Littafin da ke da marubuci ba a taɓa shi, wannan gaskiya ne. Amma marubuci ba da baki ake zama ba. Ki kawo mini ganye ɗaya, ɗaya tak, layi shida, ba huda ba kuskure, kafin safiyar biki. In kin kawo, littafin yana da mai shi. In ba ki kawo ba, ke za ki ɗaukar mini kwandon zuwa kogi, kuma ba na son kuka."

Ta shiga ɗaki ta fito da alƙalamin ƙarfen kaka, mai tsini a gefe ɗaya da 'yar wuƙa a ɗayan. Ta kuma fito da dami guda na sababbin ganyaye, an dafa su da kurkum, an shanya a inuwa, an goge su sumul. Malar ta tambaye ta inda ta samu.

"Kowace shekara nake yi, kamar yadda nake yi wa Appa. In suka daɗe ba a rubuta ba, in hura wuta da su, in sake wasu." Ta faɗi haka kamar mai maganar wanke-wanke, sannan ta ce, "Miƙo babban yatsanki na hagu."

Da wuƙar alƙalamin ta yanka wa farcen ɗan gurbi. A nan tsinin ƙarfe ke zama. Hannun dama ya riƙe shi, na hagu ya riƙa jan ganyen a hankali daga ƙasa, babu tebur babu komai, a iska ake rubutun. "Ƙarfen ba ya yawo, ganyen ke tafiya," in ji ta. Malar ta danna, tsini ya ɓulla ta baya. Ta sassauta, aka shafa baƙi bai kama ba. Kafin la'asar ta kashe ganye goma sha ɗaya, wuyanta ya sage, kuma ba ta gama ko layi ɗaya ba.

Haka kwanakin suka yi ta tafiya. Da safe gahawa mai madara a kofin ƙarfe, sannan a zauna a dakali. Tsohuwar na karantowa da ka, Malar na kartawa, maƙwabta na wucewa suna leƙe. Ana cikin haka kogin ya fara cika, daga gidan ana jin ƙararsa idan gari ya yi shiru. Gwaggo Sornam ba ta gani sosai, don haka da kan yatsa take duba aiki, kuma yatsan nan bai san sani ba bare sabo.

"Wannan baƙi ne ko sawun kaza? Sake."

"Attai, hannuna ya ƙage."

"Saniyar da za a ba maganin ba ruwanta da hannunki. Sake."

Rana ta biyar Farfesa Sambandam ya kira. Da ya ji shekarun ganyayen da kuma ɓarnar da ƙwari suka yi musu, sai murna ta kama shi. "Madalla, madalla! Kada ki bari kowa ya gyara komai. Ki taho da su haka nan, zan sa a canza fitilar akwatin." Malar ta ce masa tana nan tana ƙoƙari, wanda kuwa ba ƙarya ba ne.

Ran nan da yamma, suna tsintar shinkafa, ta yi tambayar da ke cin ranta.

"Attai, kin san yadda ake riƙe ƙarfe, kin san yadda ake jan ganye. Me ya hana ki kwafa da kanki tun tuni?"

Tsohuwar ta ci gaba da tsinta. "Appa ya ce ƙarfe ba na mata ba ne. In dafa ganye, in shafa baƙi, in karanta, amma ban da ƙarfe. Ya ajiye wa babanki, babanki kuma ya ga jirgin ƙasa ya bi shi. Na ce to Tirumal, shi ma ga shi can yana danna kwamfuta. Na zauna ina jiran namiji kamar wata wawuya. Sai da na kai sittin na ce wai tsoron wa nake ji, mutumin da ya daɗe da zama toka? Na ɗauki ƙarfe, ashe hannu ya riga ya fara rawa. Na huda ganye ashirin, na mayar da shi akwati." Ta hure ƙaiƙayi daga faifai. "Na ji haushinsa, Malar. Har gobe ina jin haushinsa, kuma ina kewarsa. Duk biyun."

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Kin taɓa tambaya?"

Tausayin gwaggonta ya kama Malar, ta kuma ji haushin kanta, mai digiri uku a kan ganyaye wadda ba ta taɓa tambayar ganyen gidansu ba.

Rana ta bakwai ta gama layi shida ba huda. Yatsan tsohuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a layi na huɗu: ta tsallake kalma. Ranar jajiberi ta yi wani da hantsi, tsini ya zame a baƙin ƙarshe, ya tsaga gefen. Ta ajiye ƙarfen, ta je bayan gida wurin rijiya ta wanke fuska, ta tsaya har numfashinta ya daidaita. Da ta dawo ta ɗauki wani ganye. Rana ta yi sanyi kafin ta gama.

Gwaggo Sornam ta shafa masa baƙi da hannunta. Ta sa Malar ta karanta sabon da ƙarfi, ita kuma tana riƙe da tsohon tana bi da leɓe. Daga nan ta bi sabon da yatsa, sau biyu.

"Rubutun mummuna ne," in ji ta. "Amma ba laifi."

Ta tashi ta shiga jiƙa shinkafar gobe.

Safiyar sha takwas ga Adi gari ya waye da ƙamshin soyayyen mai da ganyen miya. Kafin su fita sai da Malar ta leƙa ɗaki, ta ga ɗauri ukun nan a inda suke, an ma ɗora musu fure. Ta ɗaga murfin kwandon da za ta ɗauka: shinkafa mai tsamiya, mai lemun tsami, mai kwakwa, ayaba, da zare mai ruwan ɗorawa. Hankalinta ya kwanta. Har waƙa take yi ƙasa-ƙasa a hanya, tana riƙe da hannun gwaggonta.

Kaberi ya cika har matakala ta uku, ruwan ya yi ja da ƙasar da ya kwaso daga tudu. Mata sun jeru da zannuwan biki, suna kunna 'yan fitilu a kan ganye, suna ɗaura wa juna zare a wuya, amaren bana na sakin furannin aurensu a ruwa. Gwaggo Sornam ta sauka a hankali, matakala ɗaya, hutu ɗaya, har ruwa ya rufe mata idon sawu. Ta yi addu'arta. Sannan ta sa hannu a ƙugun zaninta ta zaro wani abu dogo siriri, naɗe da ƙyalle. Ta warware, sai ga tsohon ganye na farko, mai ramin nan a wurin masoro.

Malar ta riƙo hannunta. "Attai, ai kin ce..."

"Na ce wanda ba a kwafa ba ba a taɓa shi. Wannan an kwafa."

Malar ta san haka. Tun ranar farko aka gaya mata, ita ce ta riƙe rabin maganar ta saki rabi. Kwana takwas tana karta ganye don ta hana rubutun kakanta shiga ruwa, ashe duk wanda ta gama hannunta ne ya sallame shi.

"Ki bar mini wannan ɗin. Ba akwatin gilashi ba, a ɗakina zan ajiye. Hannunsa ne fa, Attai."

"Ni za ki gaya wa hannunsa ne?" Tsohuwar ta kama yatsan Malar ta ɗora a ƙasan ganyen, inda wani dogon karce ya fita daga layi. "Kin ji wannan? Ina shekara shida na zo da gudu na bugi gwiwar hannunsa. Ya ɗaga hannu zai mare ni, sai ya fashe da dariya. Duk duniya ni kaɗai na san me ya jawo karcen nan." Ta sake mata yatsan. "In aka ajiye tsoho, sabon ya zama abin wasa, kowa ya ce ai na ainihin yana nan, ba mai sake ɗaukar ƙarfe. Karɓi. Marubuci ke sakawa, ba ni ba."

Malar ta karɓa. Ganyen ba shi da nauyi ko kaɗan. Ta durƙusa a matakala, ruwa ya jiƙa mata zani har gwiwa, ta shimfiɗa shi a kan ruwan da hannu biyu, ta daɗe ba ta saki ba. Da ta saki, ya ɗan juya, ya bi tsakanin furannin amare, can ya ɓace mata. Hawaye suka zubo mata, ba ta ɓoye ba. Da ta ɗago ta ga gwaggonta, wadda ta ce ba ta son kuka, tana share fuska da gefen zani.

Suka zauna a matakala ta sama, suka buɗe shinkafar. Sun ci rabi kafin tsohuwar ta yi magana.

"Saura ɗari uku da goma sha ɗaya. Da wannan saurin naki, sai na kai shekara ɗari da hamsin." Ta lashe yatsa. "Yara nawa kika ce kina da su ranar Laraba?"

"Sittin."

"A cikin sittin ba a rasa goma masu hannu. Ki gaya musu kada wanda ya yanke farcen hagu daga yau, mata da maza. Tirumal kuma ke za ki kira shi ki ce ba yanzu zan taho ba, ni ba zan iya da surutunsa ba."